Kyanwa a Ɗaka, Kare a Ƙofa: Ina Gurbin Dabba a Gidajen Minna?

Duk wanda ya taɓa zama da mai zanen gini a Minna ya san tambayoyin da ake fara yi: ɗakuna nawa, falo ɗaya ko biyu, ina kicin zai fuskanta, ina za a haƙa sokawe, mota nawa harabar za ta ɗauka. Har janareta da tankin ruwa sai an ware musu gurbi a takarda. Amma da wuya a ji an tambayi maigida ko yana da kare, ko uwargida tana riƙon kyanwa, ko yaran gidan masu son tattabara ne. Sai an gama gini an tare, sannan a kira mai walda ya haɗa keji a lungun da ya rage. Lungun da ya rage kuwa sau da yawa shi ne wanda rana ta fi duka.

Daga wannan lungu ne akasarin damuwar dabbobin gida take tasowa: karen da ke haki tun hantsi, warin da ke korar baƙi, kyanwar da ta haihu a cikin silin, da maƙwabcin da ya daina amsa gaisuwa. Lafiyar dabba, da lafiyar iyali, da zaman lafiya da maƙwabta duk suna rataye da tambaya guda, wato a ina dabbar za ta kwana, ta sha ruwa, ta yi bayan gida. Mutanen da suka gina gidajen farko na garin nan sun amsa wannan tambayar tun kafin su aza tubali.

Gidan da ya san da zaman dabba

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raina. Asalin wurin na Gwari ne, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Da aka kammala layin dogo na Baro zuwa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da layin Legas a nan Minna, sai 'yan kasuwa da leburori da ma'aikata suka yi ta kwararowa: Hausawa, Nufawa, Yarabawa, Ibo da sauransu. A 1976 aka ƙirƙiri Jihar Neja, Minna ta zama babban birninta, gine-gine suka fantsama daga tsakiyar gari zuwa Tunga, Bosso, Chanchaga da Maitumbi.

Hausawan da suka zauna a tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Kwangila sun zo da fasalin gidansu: zaure a gaba, ɗakuna a kewaye, tsakar gida a buɗe. A irin wannan gida kowace dabba tana da adireshi. Turken rago ko na akuya yana gindin katanga, inda inuwa take sauka. Akurkin kaji yana wani kusurwa. Tukwanen tattabara suna can sama inda muzuru ba zai kai ba. Mai hali yana da barga. Kyanwa kuwa babu ɗakin da aka hana ta shiga. Ƙasan gidan turɓaya ce mai shanye fitsari, da safe a share, a tara kashin dabbobi a kai gona. Abincinsu ma daga madafa yake fitowa: dusa, ƙanzo, ruwan tsari, da ragowar tuwon jiya. A ƙauyukan Gwari da ke kewaye da gari, ta wajen Paiko da Beji da Maikunkele, tsarin ya ɗan bambanta, amma hikimar ɗaya ce. Rumbuna a ɗage suke a kan duwatsu, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsu, kare kuma yana bin maigida gona da farauta, ya dawo ya kwana a bakin gida.

Gaskiya ne yawancin waɗannan dabbobi na amfani ne, kuma Bahaushe ya faɗa cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Sai dai kiwon sha'awa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Dokin hawan salla a Minna da Bida da Kontagora ba noma yake yi ba, amma ana wanke shi, ana shafa shi, ana kwana da tunaninsa. Tela mai kanari a keji don jin kukansa kawai yake ciyar da shi. Kuma duk gidan da aka yi kiwon ragon layya na wata da watanni an san yaron da ke ɓuya a ɗaka ranar yanka. Son dabba yana nan tun fil'azal. Abin da ya sauya shi ne gidan.

Fulotin yau, mai ƙafa 50 da 100, ana cika shi da gini har sai ɗan siririn lungu ya rage tsakanin bango da katanga. Abin da ya saura na fili a shimfiɗe shi da siminti ko intalok. Bishiyar da aka tarar a wurin a sare ta don kada saiwarta ta fasa tushe. A Kpakungu da Barkin Sale da Dutsen Kura gidajen haya ne masu ɗakuna a jere, gida biyar ko goma a kan tsakar gida ɗaya. A rukunin gidaje irin su Bosso Estate da Tunga Low Cost da M.I. Wushishi kuwa, zanen tun asali na ma'aikaci ne da iyalinsa da motarsa. Siminti ba ya shan fitsari, intalok yana riƙe wari a tsakanin duwatsunsa, kwano yana tara zafi. Dabbobin suna nan, har an ƙaro wasu daga ƙasashen waje, amma gurabensu sun ɓace daga zane.

Abin da malamai suka karantar

Tsarin kyanwa a ɗaka, kare a ƙofa yana da tushe a karatun zaure. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin da ya bayyana cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Sahabi Abu Huraira ya samu laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. Akwai kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Darasin a fili yake: wanda ya tsare dabba a gidansa ya ɗauki nauyin cinta da shanta da inuwarta.

Game da kare, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da almajirai ke karantawa a ko'ina a Arewa, ta hana ajiye shi a gidaje sai don gona, ko kiwo, ko farauta. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi ana zaman ɗar-ɗar, kuma da aka tuna masa da ra'ayin Malik ya nuna cewa da Imamin ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. A kan irin wannan ne malamai da dama suka halatta karen gadi idan akwai buƙata. Mazhabar Malikiyya tana ganin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai saboda bin umarni. Sauran mazhabobi sun fi tsanantawa, kuma a aikace yawancin Musulmin Minna ba sa son kare ya raɓi tufafinsu, ko butarsu, ko wurin sallarsu.

Minna kuwa gari ne na Musulmi da Kirista, sau da yawa a layi ɗaya, wani lokacin a gida ɗaya. Abin da wani yake gani abokin wasan yaransa, wani yana ganinsa abin da zai sa shi sake wanke riga. Katanga mai kyau da ƙofar keji mai sakata suna kashe wannan rigima tun kafin ta tashi.

Kyanwa da aikinta

Masu binciken tarihi sun gano kabarin mutum da kyanwa a tsibirin Sayifurus wanda ya kai kimanin shekara 9,500, kuma sun fi karkata ga cewa rumbun hatsi ne ya haɗa mutum da ita: hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo kyanwa. Har yau aikin bai ƙare ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa riƙon kyanwa a cikin matakan da take ba magidanta shawara, tare da rufe hatsi a mazubi mai murfi da nesanta bola da gida. Kyanwa ita kaɗai ba za ta iya ba idan buhun shinkafa yana buɗe a ƙasan sito, amma gidan da take ciki ɓera ba ya sakewa.

Gidan zamani ya rufe mata hanya. Tagogi duk raga, ƙofofi na ƙarfe, ƙasa tayil. Kyanwar da ta rasa turɓaya za ta nemi madadi, ta samu a bayan kujera, ko a kwandon wanki, ko a tulin yashin da yara ke wasa. Maganin ba shi da tsada: roba mai faɗi a cika ta da yashi mai laushi, a ajiye a lungun da iska ke ratsawa, nesa da kicin da wurin cin abinci, a kwashe kullum. Mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, domin akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da kan cutar da jariri a ciki. Mai ginin da ya bar 'yar ƙaramar kafa a ƙasan ƙofar baya, da ɗan dakali a jikin taga inda za ta hau ta leƙa waje, ya gama mata komai. Ramukan da ke tsakanin bango da kwano kuma a toshe su, don ta nan take shiga silin idan haihuwa ta zo.

Haihuwar tata ita ce babbar magana. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Shi ya sa ake tsintar 'yan kyanwa a kwali a bakin kwata ko a bayan kasuwa, ido bai ma gama buɗewa ba. Likitan dabbobi yana iya yi wa muzuru fiɗiya, ya yi wa macen aikin tsayar da haihuwa, kuma wannan ya fi jefar da rai a bola nesa ba kusa ba.

Akwai haɗurra biyu da kan kashe kyanwa a cikin gida. Na farko shinkafar ɓera da fiya-fiya: ko ta ci kai tsaye, ko ta ci ɓeran da ya ci. Na biyu tausayi ne da ba a yi shi da sani ba. Farasitamol, wanda uwa ke ba ɗanta idan jikinsa ya yi zafi, guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Sai kuma camfi. Har yanzu akwai masu jifan baƙar kyanwa da dare don zaton aljani ce ko mayya, alhali farautar ɓera ce ta fito da ita.

Karen gadi da zafin Maris

Yawan sata da fargabar tsaro sun sa magidanta da yawa a Minna sun koma ga kare, har da waɗanda iyayensu ba su taɓa ajiyewa ba. Kasuwar kuma ta karkata ga karnukan waje: Alseshan da ake kira karen 'yan sanda, Rotwaila, Burbul na Afirka ta Kudu, da Kokeshan mai tulin gashi, wanda asalinsa duwatsun Kokeshiya ne masu dusar ƙanƙara. Ana sayen ɗan kwikwiyo da kuɗi masu nauyi, a ɗauki hotonsa a sa a Facebook, sannan a kai shi keji.

A duba kejin nan da ƙarfe biyu na rana a watan Maris, lokacin da zafin Minna ke haura digiri 37, wani lokacin ya taɓa 40. Rodi ne aka yi wa walda, aka rufa da guntun kwano, aka jingina da katangar da ke kallon yamma, kusa da get don baƙo ya gani ya ji tsoro. Kwanon yana da taku ɗaya daga kan karen. Simintin ƙasa ya yi zafin da mutum ba zai iya taka shi ba takalmi ba. Ruwan da aka zuba a robar tun safe ya zama na wanka, ko kuma karen ya kifar da shi. Yana kwance ya miƙe ƙafafu, harshe a waje, haƙarƙari na sama da ƙasa, ƙudaje sun cinye gefen kunnuwansa, kaska ta cika tsakanin yatsunsa. Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma idan iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, hakin ba ya wadatar da shi. Haka kare mai tsada kan mutu a yini guda, maigida ya ce sammu ne ko guba aka jefo.

Gyaran wannan a hannun birkila yake. A sa ɗakin kare a gabas ko arewacin gida, inda inuwar ginin kanta take faɗawa da yamma, in da hali a gindin mangwaro ko dogonyaro. A ɗaga rufin sama sosai, a yi masa silin ko a shimfiɗa zana a kan kwanon. Bango biyu su zama na bulo, biyu na raga, don iska ta ratsa. Ƙasan a ɗan karkata shi zuwa bututun da ke shiga sokawe, kada ruwan wankin ya bi kwata ya fita ƙofar maƙwabci. A sa katako a ɗage inda zai kwanta, wanda zai raba shi da zafin siminti da rani da kuma danshi da damina, tunda ruwan Minna daga Afrilu har Oktoba yake zuba. Kaskon ƙasa mai nauyi, irin wanda matan Gwari ke ginawa a Tatiko da sauran ƙauyukan Paiko, ya fi roba riƙe sanyin ruwa, kuma ba ya kifewa. Faɗin ɗakin ya isa kare ya tashi, ya juya, ya yi 'yan taku, ya yi bayan gida nesa da inda yake ci.

Ko da ɗakin ya yi kyau, karen da ba ya fita sai tsakar dare, ba ya ganin kowa sai mai miƙo masa abinci ta raga, yakan zama mugu har ga mutanen gidan. Yaran gida ne suka fi shiga haɗari ranar da aka manta sakata. Kare yana buƙatar tafiya, da sanin muryar kowa a gidan. Kuma ga mai son gadi tsakani da Allah, karen gida na gargajiya, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, ya fi jure zafi da kaska, cinsa kaɗan ne, haushinsa kuwa ba ya kasa na kowa. Abinci ma a kula: albasa da tafarnuwa da cakulan suna cutar da kare, don haka ba kowace ragowar miya ake juye masa ba.

Ciwon haukan kare

Wannan ita ce cutar da ta sa maganar kare ta wuce ta mai shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma rigakafinta yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara gwada shi a Faransa, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya. A Najeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke can tun 1924, tana sarrafa allurar karnuka. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar tana daina yawo a wurin.

Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana da wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kyanwa ma haka. A Minna akwai asibitin dabbobi na jiha a Bosso, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nan ma ginin gida yana da rawar takawa. Likitoci sukan so a tsare karen da ya yi cizo a sa masa ido na kwana 10, domin halin da ya shiga a kwanakin nan yana taimaka musu su san abin da ke gaban wanda aka ciza. Gidan da ke da ɗakin kare mai kulle zai iya yin haka. Inda babu, sai matasan unguwa su bi shi da sanduna, ko ya ɓace a bar iyali cikin zullumi.

Masu fukafukai

Babu kiwon sha'awar da ya kai tattabara shiga ran samarin Arewa. Bayan la'asar za a ga yaro ya fito da gwangwanin dawa yana kaɗawa, yana fito da baki. Garken da ke shawagi a sama ya karyo, ya kewaya gidan sau biyu, ya zubo kan kwano da ƙarar fukafukai. Yaron ya san kowace da kamanninta, ya san wadda ta yi aure da wadda mijinta ya ɓata, ya san idan baƙuwa ta biyo tasa daga wani layi. Ya leƙa akwati ya ga ƙwai biyu, ya san nan da kwana 18 za a ƙyanƙyashe, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci. Yaro da yawa a nan ya fara koyon lissafi da tanadi da tashi da wuri, kuma da kuɗin 'yan shila ya sayi takalminsa na farko.

Da tukwane ake yi musu gida, yau akwatin katako ne ko tsohuwar jarka da aka yanke. Duniya ta daɗe da ɗaukar wannan gini da muhimmanci. A Isfahan ta Iran har yau akwai hasumiyoyin tattabara na ɗaruruwan shekaru da aka gina don tara kashinsu a kai gonakin kankana, a ƙauyukan Masar kuma hasumiyar laka mai tukwane a jiki tana cikin kamannin gari. Abin da mai tattabara a Minna yake buƙata bai kai haka ba: a ɗaga akwatunan a kan ƙarfe mai santsi wanda gafiya da muzuru da maciji ba za su hau ba, ƙofofinsu su juya wa iskar ruwa baya, a nesanta su da tagar ɗakin kwana da tankin ruwa. Busasshen kashin tattabara idan ya zama ƙura yana taɓa huhu, don haka a yayyafa ruwa kafin a share. Gidan da ke tarar ruwan sama daga kwano, kamar yadda ake yi a unguwannin da famfo ba ya zuwa sosai, ya bari ruwan farko ya wanke rufin kafin a tara. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, likitoci ke jan kunne a raba makwancin tsuntsaye da na mutane.

Tsuntsun keji kuwa huhunsa ba ya jure hayaƙi. Turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, da hayaƙin janareta suna iya kashe kanari a dare ɗaya, don haka baranda mai inuwa ta fi masa falo. Aku kuma sai an yi tunani sau biyu. Yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye, yana da wayo, kaɗaici yana sa shi ya riƙa fige gashin jikinsa. Yawan kama shi a daji ya sa a 2016 ƙasashen duniya, a taron da suka yi a Johanasbag, suka haramta cinikin aku mai launin toka da jar wutsiya tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo shi. Biri da barewa da sauran namun daji ma ba na tsakar gida ba ne.

Gidan haya da zanen gobe

A gidan haya komai na tarayya ne: rijiya, igiyar shanya, wurin alwala, da barcin dare. Kyanwar mutum ɗaya tana iya zama alheri ga gida goma. Kare a irin wannan tsakar gida kuwa da wuya ya zauna ba tare da an kai ƙara wurin mai gida ko mai unguwa ba. Adalci shi ne a yi maganar tun ranar biyan kuɗin haya, a rubuta a takarda: wace dabba aka yarda da ita, ina za ta zauna, wa zai share, kuma a nuna katin rigakafi. A Birtaniya tun 2016 doka ta wajabta sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a Ingila aka haɗa da kyanwa a 2024. A nan, abin wuya mai lambar wayar mai shi ya isa ya raba karen gida da na bola, ya kuma nuna wanda za a nema idan an yi ɓarna. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta riga ta sa azabtar da dabbar gida a cikin laifuffuka.

Minna tana da abin da ake buƙata don gyara wannan giɓi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da zanen gine-gine da kuma kiwon dabbobi. Idan mai zane ya saba tambayar maigida wace dabba zai riƙe, kamar yadda yake tambayar mota, ƙarin kuɗin bulo kaɗan ne da bututu ɗaya, da ɗan fili na turɓaya da za a bari ba a rufe da intalok ba, da bishiyar da za a ƙyale a tsaye.

Wanda ya riga ya gina ma yana da abin yi kafin zafi ya shigo. Mai walda zai iya ciro kejin daga katangar yamma ya mayar da shi inuwa a yini ɗaya. Zana biyu sun isa rufe kwanon, kasko da robar yashi ana samunsu a Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari. Sai a duba katin allura, in shekara ta zagayo a sa wa karen igiya a nufi Bosso da sanyin safiya.